Tabon da Na Goge a Agogon Manu

Da toka na same shi yana dirzar agogon. Ya jingina da bangon zaurensa, ƙafafun nan da suka kumbura a miƙe kan tabarma, ga ɓarin lemon tsami a gefe, ga toka a murfin kwano. Sai ya dangwalo da tsumma ya murza, ya tsaya ya yi haki, ya sake dangwalowa.

"Baba Lado, toka nake gani ko idona ne?"

"Toka ce. Ba da ita mata ke sa tukunya ta yi ƙyalli ba?"

Ban san lokacin da na fizge agogon daga hannunsa ba, duk da girmansa. Shekara talatin ina zaune a bakin kasuwar Rano ina gyaran agogo. An kawo mini wanda aka wanke da kananzir, an kawo mini wanda ya faɗa rijiya aka shanya shi kan rufin kwano tare da kuɓewa, amma toka da lemon tsami sai a wurin maƙwabcina. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, tarinsa ma daga ɗakina nake ji, amma bai ga ya kira ni ba, ya gwammace ya kashe agogo da hannunsa. Na faɗa masa haka, ya yi dariya har ta koma masa tari.

Agogon kuwa na san shi kamar yunwar cikina. Na ƙarfe ne, ɗan Japan, irin na da. Ba ya cin batir, ba a murɗa shi, motsin hannun mai shi ne abincinsa, in ka ajiye shi kwana biyu sai ya tsaya. Tun ranar da Baba Lado ya taso daga Kahu ya zauna kusa da mu, shekara ashirin da wani abu ke nan, da shi na gan shi. Da shi yake noma, da shi yake faskare, da shi yake kwaɓa ƙasa in katanga ta zube. Alwala da wanka kawai ke raba su. Jikin agogon duk ya kwarzane, babu inda za ka ɗora kan allura ba ka taɓa karce ba.

Na tambaye shi me ya yi zafi haka, mutumin da kwana biyar ke nan da sallamo shi daga asibiti. Likita ya ce a kai shi gida ya huta, kuma duk mun san irin hutun da ake nufi. Ya ce in zauna, na zauna.

"Ba nawa ba ne, Ishiyaku," in ji shi. "Ajiya ce."

A hankali ya ba ni labarin, yana yi yana hutawa. Can a Kahu, in an gama girbi, akwai wani Bafillatani da ke sauka a gonarsa da shanu, su ci kara su bar masa taki. Manu sunansa. Shekara bakwai yana sauka, har ta kai in Lado ya ci tuwo bai aika ruga ba sai ya ji bai ƙoshi ba. A shekarar da annoba ta faɗa wa shanu, fari kuma ya biyo bayanta, Manu ya tattara 'yan ragowar da suka tsira zai yi kudu. Ranar tafiyar ya kwance agogon nan, wanda ya sayar da bijimi guda ya saya, ya ɗaura wa Lado da hannunsa. Ya ce hanya ba ta da tabbas, a riƙe masa zuwa kaka mai zuwa, kuma kada a bari ya tsaya, don an gaya masa irin wannan in ya daɗe a tsaye mutuwa yake yi. Kaka ta zo, Manu bai zo ba. Haka kaka arba'in ta zo ta wuce.

Nan na gane wani abu da muka daɗe muna yi masa tsiya a kai. Duk ranar kasuwa Baba Lado sai ya bi layin masu nono da karar dabbobi yana tambaya ko an san wani Manu mai wushirya. Mukan ce masa neman Manu a cikin Fulani ai kamar ka shiga masallacin Juma'a ne ka ce ina Muhammadu. Bai taɓa gaya mana dalili ba, mu ma ba mu taɓa tsayawa mun tambaya ba.

To, ashe a kwanciyar asibitin nan ne Allah Ya kawo ƙarshen neman. Matarsa, Inna Khadijatu, ta haɗu da wata Fanta da ke jinyar jikarta, suka saba a wurin ɗiban ruwa. Cikin hira Fanta ta ce mahaifinta tsoho ne, ido ya tafi, shekara uku ke nan da suka dawo daga kudu suka zauna a Durba. Sunansa Manu, kuma da can a Kahu yake sauka. Durba, wadda ba ta kai tafiyar awa guda a babur ba.

Na ce to me ake jira, bari in tayar da babur yanzu. Ya riƙe mini bakin riga.

"Yadda aka ba ni nake so in mayar. Sumul ya ɗaura mini shi, yana ɗaukar ido. Dubi abin da na yi masa. Da wace fuska zan miƙa wannan in ce ga ajiyarka? Ba na so in je gaban Allah da ita, kuma ba na so in mayar da ita a haka." Ya dube ni. "In ba za ka iya ba, ka gaya mini."

Daga bayan labule Inna Khadijatu ta ce a ɗauko bawan Allahn nan tukuna, ƙarfe zai iya jira. Gaskiya ta faɗa, kuma na san gaskiya ce. Amma wannan "in ba za ka iya ba" ta riga ta sauka inda ya aike ta. Tun da waya ta shigo, kowa a aljihunsa yake duba lokaci, ni kuwa da ake kira Ishiyaku Mai Agogo na koma sayar da caja da batirin tocila. Rabon da a kawo mini aikin da zan nuna hannuna har na manta. Na ce ya ba ni kwana uku.

A shago na cire igiyar agogon, na rufe gilashin da salatif don kada ya ƙuje. Na fara da samfefa mai laushi, takardar yashin nan ta goge ƙarfe, da ɗigon ruwa, na koma wadda ta fi ta laushi, na bi da man goge ƙarfe da tsohon tsumman shadda. In na tashi daga aiki sai in mayar da igiyar in ɗaura shi a hannuna, don Baba Lado ya sa na yi alkawari ba zai tsaya a wurina ba. A nan ne ma na ji cewa tun da ciwo ya kwantar da shi, Inna Khadijatu ce ke ɗaura agogon in za ta yi daka, saboda hannun mijinta ba ya motsin da zai ishi agogon. Da na ji haka sai da na ajiye samfefar na ɗan lokaci.

Ƙananan karcen ba su ba ni wahala ba, cikin kwana biyu suka bi ruwa. Guda ɗaya ne ya tsaya mini, wani sara mai zurfi a gefen ɗan kunnen da ake gyara lokaci da shi, farce ma yana shiga ciki. Abin da mutane ba su sani ba, karce ba cire shi ake yi ba. Ƙarfen da ke kewaye da shi ake ci har ya sauko daidai da gindinsa. Ubangidana da ya koya mini sana'a a Kano yakan ce mai zurfi a bar shi, shi ma ya zama jikin agogo. Na tuna maganar sarai. Na ɗauko ƙaramin magagari duk da haka.

Kwana ukuna suka zama biyar. A cikin biyun nan da na ƙara, Baba Lado ya bar tuwo ya koma kunu, ya bar kunu ya koma kurɓar ruwa, aka ɗauke shi daga zaure aka shigar da shi ɗaki. Duk safiya in na leƙa sai ya buɗe ido ya dubi hannuna, ba fuskata ba. Tsoro ya kama ni ƙwarai, na riƙa jin in mutumin nan ya cika kafin in gama, ni na ɗora masa abin da yake gudu. Amma ban daina ba. Ina tsoro ina goga, har saran ya ɓace, wurin ya kwanta lumui kamar ba a taɓa taɓa shi ba.

Da na kai masa, ya sa aka ɗaga labule haske ya shigo. Ya juya agogon gaba da baya, hawaye ya gangaro masa ta gefen kunne.

"Haka yake. Haka ya ba ni shi."

Ya yi ta sa mini albarka har sai da na ji kunya, amma a cikina kai ne ke kumbura. Na fito ina jin duk ƙasar Rano babu mai hannu irin nawa.

Washegari da hantsi na kama hanyar Kibiya. An yi ruwa da asuba, gero ya kai kafaɗa dama da hagu, hanyar Durba duk kududdufi. Ban sha wuyar samun gidan ba. A ƙarƙashin rumfar kara na sami Manu, ɗan tsoho siriri, yana tufkar igiya da ƙafa ɗaya a miƙe. Na yi sallama, na gaishe shi, na ce daga wurin Lado na Kahu nake. Hannunsa ya tsaya cak a kan igiyar.

"Kaɗon nan yana da rai?"

Na ce yana da rai, amma gara mu tafi yau. Bai ƙara tambaya ba, ya ce a ba shi sandarsa da malafa. Fanta ta ɗora shi a bayana, ta kwance mayafinta ta ɗaure mu tare a ƙugu don kada gargada ta yar da shi. Duk tsawon hanyar bai ambaci agogo ba ko sau ɗaya. Tsamiyar da ke tsakiyar gonar Lado yake tambayata ko tana nan, ni kuwa ban taɓa ganin gonar ba.

Bayan azahar muka iso. Na riƙe shi muka shiga ɗakin, na zaunar da shi a bakin katifa. Na ɗauka za a yi kuka, sai na ji ana tsiya. Manu ya ce shi dama ya san Kaɗo ba zai mutu ba sai ya sake shan nonon banza. Baba Lado, da muryar da sai ka sunkuya za ka ji, ya ce Bafillatani ne kawai zai ce sai kaka ya dawo bayan shekara arba'in, kuma a tsakiyar damina. Suka yi dariya irin ta tsofaffi, wadda rabinta numfashi ne. Suka lissafa waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, wannan ya faɗi nasa, wannan ya faɗi nasa. Inna Khadijatu tana bakin ƙofa ta rufe baki da gefen zane.

Sannan Baba Lado ya laluba ƙarƙashin matashi ya ciro agogon. Ya ce ni da Inna mu shaida.

"Manu, ga ajiyarka."

Makahon ya karɓa da hannu biyu. Ya auna nauyinsa a tafi, ya kai kunne ya saurara. Sai ya sa babban yatsa ya zagaye bakin agogon a hankali, ya zo wurin ɗan kunnen ya tsaya. Ya sake zagayewa. Ya sa farce yana neman wani abu a wurin. Ni da na kwana biyu a kan wurin nan, nan take na gane abin da yake nema.

Ya ajiye agogon a kan katifa.

"Wannan ba nawa ba ne."

Babu faɗa a muryarsa. Ya ce nasa yana da sara a gefen kunne. Satin da ya saye shi wata saniyarsa mai suna Wule ta kai masa ƙaho yana ɗaure ɗan maraƙinta, agogon ya tare, da a jijiyar hannunsa ta samu. In yana kiwo yakan sa farce a wurin yana wasa da shi. Ya ce ko cikin agogo ɗari aka jefa nasa, da yatsa zai fito da shi.

Baba Lado ya dube ni, sannan ya dubi rufin ɗaki. Ya ce wallahi ya ɗauka shi ya yi saran nan. Shekara arba'in yana ganinsa yana jin kunya, yana ɗora wa gatarinsa laifi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na durƙusa na ce Baffa, ni ne. Na faɗi komai, samfefa da magagari da kwana biyun da na ƙara, na ce garin neman gira na rasa ido. Manu ya saurare ni har na gama, yana gyaɗa kai irin na wanda ya ga ana ƙoƙarin rufa wa wani asiri kuma abin ya burge shi. Ya ce Allah Ya yi mini albarka, maƙwabci nagari haka yake yi. Sannan ya juya wurin abokinsa ya ce shekara arba'in ba kwana arba'in ba ce, shi kansa garke guda ya ɓatar a cikinta, balle ɗan agogo. In ya ɓace ya ɓace. Bai kamata Lado ya wahalar da kansa ya sayo sabo ba, shi kuwa ba zai karɓi abin da ba nasa ba.

"Na yafe maka, Lado, duniya da lahira. Ka kwanta da zuciya ɗaya."

Ban taɓa ganin yafiya ta yi wa mutum nauyi ba sai ranar. Baba Lado ya rufe ido. Ba yafiya yake nema ba. So yake a san bai ɓatar ba, kuma shaidar guda ɗaya da ke duniya ni na cinye ta da magagari. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige ban waiwayo ba.

Manu ya ji shirun ya yi yawa. Ya miƙa hannu yana laluben abokinsa don ya rarrashe shi, ya samu hannun hagu, ya riƙe. Yatsunsa suka sauka a wuyan hannun, sai suka tsaya. Na ga ya ɗan karkata kai. Ya bi wurin da yatsa a hankali, ya zagaya ƙasa, ya dawo sama. Ni ma sai a lokacin na duba da kyau. Inda agogon ke zama ya lotsa, fatar ta yi fari ta yi santsi, babu gashi ko ɗaya, ga kanta a ƙasa inda maɗaurin ke cizo, ga wani ɗan rami baƙi inda kunnen agogon ya daɗe yana tokara. Ƙashin ma kansa kamar ya ba da wuri.

Manu ya ce in miƙo masa agogon. Ya ɗora shi a wurin, bai ɗaure ba, ya ɗan danna. Agogon ya zauna daram, kunnen ya faɗa cikin raminsa.

Akuya tana kuka a tsakar gida, wani mai rake ya wuce a waje yana talla.

"Wannan wurin ba shekara goma ta yi shi ba," in ji Manu, muryarsa ta sauya. "Ba ashirin ba. Kaɗo, kullum?"

"Kullum."

"Bai taɓa tsayawa ba?"

Baba Lado ya tattaro numfashi. Ya ce sau ɗaya, shekarar da aka yi masa aikin gwaiwa, suka cire masa a asibiti bai sani ba, ya tsaya yini guda da rabi. Ya ce a yafe masa wannan.

Na yi zama da malamai, na ji wa'azi a kan amana har na haddace, amma ban taɓa sanin tana iya cin naman mutum ta yi wa kanta gurbi ba sai da na gani a ɗakin nan mai warin man zafi.

Manu ya ɗauke agogon ya ɗaura a nasa hannun. Ya yi masa yawa, ya zame har tsakiyar dantse. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, har Inna da ke bakin ƙofa.

"Nawa ne. Na karɓi ajiyata, cif, babu abin da ya ragu. Ku shaida."

Muka ce mun shaida. Baba Lado ya ce alhamdu lillahi, ya sake cewa, sannan ya nemi ruwa. Inna ta ba shi cokali biyu. Ya ce a bar labulen a ɗage.

Manu bai saki hannun ba. Ya ci gaba da riƙe shi a cinyarsa, babban yatsansa a cikin lotsawar nan, yana ba shi labarin kudu ƙasa-ƙasa, ƙasar da ciyawa ke fin mutum tsawo, da kogin da suka haye da shanu a iyo. Baba Lado yana ji, wani lokaci leɓensa ya motsa da kalmar shahada, wani lokaci ya yi kamar zai yi murmushi. Ni ina zaune a ƙasa na jingina da bango. Aka kira la'asar a masallacin unguwa, na ce bari a idar da kiran in tashi.

A tsakiyar wata magana Manu ya yi shiru. Mu masu ido ba mu ga komai ba, fuskar tana nan yadda take. Shi ne ya fara sani, don yatsansa na kan jijiyar. Ya jira kaɗan, ya matsar da yatsan, ya sake jira. Sannan ya ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, a hankali, kamar kada ya tashe shi.

Inna Khadijatu ta zame ta zauna a dokin ƙofa. Na tashi na shafe masa ido. Manu kuwa ya ɗago hannun daga cinyarsa da tafukansa biyu, ya laluba gefen katifar, ya ajiye shi sannu a hankali, yadda ake ajiye ƙwaryar da ta cika da nono.